Daga Motar Kara Zuwa Mutum-Mutumi: Wasan Ƙere-Ƙeren Yara a Sakkwato da Nauyin da ke Kan Manazarta Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2025 Ministan Ilimi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnati ta janye manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a ƙarshen shekarar 2022, an kuma mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko. Masana harshe sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan mataki, sai dai mafi yawan muhawarar ta tsaya ne ga aji da allo da sakamakon jarrabawa. Akwai wani fage da ba a cika waiwayarsa ba, wato tsakar gida da zaure, inda uba ko uwa ko wa kan zauna da yaro ɗan shekara shida ko bakwai su haɗa wani abu mai motsi daga tarkacen rediyo da gwangwani da kwali.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, irin wannan zama ci gaba ne na wata daɗaɗɗiyar al'adar wasannin yara ta Hausawa, kuma a cikinsa ne Hausar kimiyya da fasaha za ta sami bakin da zai furta ta, ko kuwa ta ƙare a shafukan ƙamus. Don haka fage ne da ya shafi manazarta Hausa kai tsaye, bai dace su sakar wa malaman injiniya shi su kaɗai ba. An ɗauki birnin Sakkwato a matsayin misali saboda tarihinsa na sana'o'in hannu da kuma cibiyoyin ilimin da ke cikinsa.

2.0 Tushen Wasan a Al'adar Hausawa

Duk wanda ya tashi a unguwannin Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ya san motar kara. Da kaka ta yi, yara kan ɓare ɓawon karan dawa su tsattsaga shi siri-siri, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su yi ta sossokewa har mota ta fito da ƙafafunta da ƙofofinta. Da kayan kanti suka yawaita sai aka koma ga gwangwanin madara da langa-langa da wayar ƙarfe. Tsohon silifas ya zama taya, marfin kwalba ya zama fitila, doguwar waya kuma ta zama sitiyarin da yaro ke tuƙi da shi yana tafe a tsaye. 'Yan mata su ma suna da nasu ƙirar, ta 'yar tsana da ƙananan tukwanen yumɓu na tuwon ƙasa. A duk waɗannan wasanni yaro ne ke neman kayan aikinsa, ya auna, ya yanka, ya gwada, in abu ya karye ya sake dabara.

Nazarin wasannin yara a sassan koyar da Hausa ya fi karkata ga waɗanda ke ɗauke da waƙa, kamar gaɗa da tashe, domin su ne ke ba da matanin da za a feɗe ta fuskar jigo da salo. Wasan ƙira ba shi da waƙa, shi ya sa yakan samu layi biyu ko uku a babin al'adu a wuce. Alhali kuwa yana da nasa harshen: sunayen sassa, da kalmomin aikatau na haɗawa da kwancewa, da yadda yaro ke bayyana wa ɗan'uwansa dalilin da ya sa tayarsa ke karkacewa.

Sakkwato gari ne da aka gina shi tare da masu sana'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya nuna a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, cewa yana daga cikin nauyin shugaba ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Sakkwato a 1824 ya kuma rasu a can a 1827, ya rubuta irin sha'awar da Bello ya nuna ga kayan duban taurari da ya zo da su, da kuma littafin lissafin Iƙilidis na Larabci da ya kawo masa. Unguwar Maƙera Assada tana nan da sunanta har yau. A irin waɗannan gidaje ɗan maƙeri kan fara da zuga tun yana ƙarami, ya san uwar maƙera da masaba da awartaki da sunayensu kafin a yarda ya bugi ƙarfe. Hannu da harshe tare suke koyon sana'ar.

A wannan zamani ma garin ya ba da misali. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya wuce kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi Detroit ta Amurka a 1990, ya shahara da zanen motoci tun yana yaro. Shi ne ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya baje a 2007, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa a 2017. A zamaninsa ne aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Ba kowane yaro mai zane ko ƙira ne zai kai nan ba, amma duk wanda ya kai, da wasa ya soma.

3.0 Abin da Ake Haɗawa da Darasin da ke Cikinsa

Bambancin motar kara da abin da yaran yau ke haɗawa shi ne shigowar lantarki. A cikin tsohuwar rediyon kaset, ko na'urar faifan bidiyo, ko ƙaramar fanka mai caji da ta lalace, akwai ɗan ƙaramin inji mai juyawa wanda yara kan kira rota ko dainamo. Batir biyu na tocila, kowanne mai bolt 1.5, sun isa su tayar da shi. Sauran kayan duk ana samun su a gida ko wajen 'yan gwangwan: guntun waya, da makunnin tsohuwar fitila, da marafan kwalba huɗu, da tsinken tsire, da robar ɗaure kuɗi, da kwali, da salatif.

A kowane mataki na haɗin akwai ƙa'idar kimiyya guda. Idan aka jona wayoyi biyu a kawunan batir inji ya juya, aka cire ɗaya ya tsaya, yaro ya ga cewa lantarki ba ya aiki sai ya sami hanyar zuwa da ta dawowa. Idan aka sauya wa wayoyin matsayi, inji zai juya baya, abin da aka ƙera ya yi ta ja da baya maimakon gaba. Idan aka maƙala wa bakin injin ɗan nauyi a gefe ɗaya, sai ya kama karkarwa, kwalin da aka ɗaura shi a kai ya riƙa zamewa a kan siminti kamar ƙwaro; da wannan dabara ce wayar salula ke girgiza a aljihu. Idan aka zarga roba daga siririn bakin injin zuwa faffaɗan marfi, gudu zai ragu, ƙarfin ja ya ƙaru, kamar dai yadda babbar mota ke sa giya ɗaya a kan tudu.

A ma'aunin masana, wannan bai kai cikakken mutum-mutumi ba tukuna, domin cikakke shi ne wanda ke jin abin da ke kewaye da shi, ya yanke hukunci, sannan ya aikata. Amma tazarar ba ta da yawa. Fitilar sola da ke kunna kanta idan duhu ya yi tana ɗauke da dabarar gane haske, kuma babban yaro zai iya aro irin wannan dabara ya sa abinsa ya tashi ko ya tsaya gwargwadon hasken da ya same shi. A 2022 kafofin yaɗa labarai sun ruwaito labarin wani matashi a Kano da ya haɗa mutum-mutumi mai kwaikwayon motsin hannun mai sarrafa shi, daga ƙananan injuna da wayoyi da bututu da kwali.

4.0 Harshen da Ake Tambaya da Shi

Lokaci mafi muhimmanci a wannan zama shi ne sa'ad da abin ya ƙi motsi. Nan ne yaron Sakkwato zai ɗaga kai ya ce, "Baba, don mi ba shi tahiya?" Amsar da zai samu ita ce darasin. Idan aka ce masa wuta na fita daga wannan kan batir, ta bi waya ta shiga inji, ta komo ta ɗaya kan, kuma duk inda hanyarta ta yanke komai ya tsaya, to zai bi wayar da yatsa har ya gano inda ta saki. Ya fahimci abin da ɗalibin sakandare kan haddace da Ingilishi ya rubuta a jarrabawa ba tare da ya taɓa jona waya ba.

Wannan ba sabon zance ba ne ga masana ilimi. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yaran firamare duk darussa da Yarbanci har shekara shida, Ingilishi kuma ya zama darasi guda a cikin darussa. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin ma. Ta fuskar koyo da hannu kuwa, Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, ya kafa hujja a littafinsa Mindstorms na 1980 cewa yaro ya fi fahimtar abu idan yana gina wani abin da zai gani ya taɓa. Ya ba da misali da kansa, yadda wasa da giyar mota tun yana ƙarami ya sauƙaƙa masa lissafi daga baya. Zaman uba da ɗa a kan tarkacen rediyo ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, harshen uwa da aikin hannu, ba tare da jiran izinin wata ma'aikata ba.

Tambayar da ta rage ita ce ko Hausar ta wadatar. An yi ƙoƙari a baya. Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a 1949 domin bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa. Umaru Dembo ya kai yaran Hausawa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A shekarun 1980 an tsara kalmomin kimiyya da lissafin firamare a harsunan Nijeriya tara, har da Hausa, sannan a 1990 Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi. Wannan na ƙarshe ya karɓu domin akwai masu amfani da shi kullum a ajujuwan jami'a. Kalmomin kimiyya kuwa ba su sami irin wannan gata ba, saboda an ƙirƙire su a teburin kwamiti, ba a kuma koyar da darasin da su.

A daidai wannan lokaci makanikai da masu gyaran rediyo da na waya sun gina tasu Hausar ba tare da kwamiti ba. Sun hausantar da birki da kuloci da fulogi da salansa da totur da boris, suna raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali kamar yadda tsarin gaɓar Hausa ya tanada. Sun kuma faɗaɗa ma'anar kalmomin gida: inji kan tashi, ya mutu, ya buga, batir kan yi sanyi, waya kan ƙone, na'ura kan ci wuta. Wannan Hausa rayayya ce, ita ce kuma ke isa kunnen yaro. Amma tana da gurabe. Kalmar wuta ita ce ta murhu, ita ce lantarki, ita ce yawan abin da ke gudana a waya, ita ce kuma ƙarfin da ke tura shi, alhali waɗannan biyun na ƙarshe abubuwa ne mabambanta da ake auna su da ma'auni daban-daban. Kalmar waya na nufin zaren ƙarfe, tana kuma nufin salula, har uba kan ce "miƙo mini waya" yaro ya kawo wadda ba ita ba. A irin waɗannan gurabe ne ake buƙatar masanin ma'ana da ƙirar kalma.

5.0 Matsalar Suna

Ko sunan abin da ake haɗawa bai zauna ba. Kafofin yaɗa labarai kan ce mutum-mutumi ko butum-butumi, wasu marubuta kuma su ce saƙago. Asalin mutum-mutumi shi ne siffar mutum da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, wato kalma ce da ta dubi kama. Kalmar da Turawa ke amfani da ita kuwa ta fito ne daga wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek na 1920, daga wata kalmar harshen Cek mai nufin aikin tilas, wato ta dubi aiki. Mafi yawan waɗannan na'urori a masana'antun duniya ba su da kai ko fuska, hannu ne kawai na ƙarfe mai walda ko fenti.

Wannan bambanci yana da tasiri a gari irin Sakkwato. Uban da ya ji an ce za a koya wa ɗansa ƙera mutum-mutumi yana iya tuna hanin da ya zo a kan sassaƙa siffar abu mai rai, ya janye ɗansa. Damuwarsa abar girmamawa ce, hukuncin kuma na malaman fiƙihu ne. Abin da ya tabbata dai shi ne hadisai ingantattu sun nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da dama sun kafa hujja da wannan wajen sassauta hukuncin kayan wasan yara. Tarihin Musulunci ma yana da nasa magabatan a wannan fanni: 'ya'yan Musa bin Shakir a Bagadaza a ƙarni na 9 da littafinsu na dabarun na'urori, da Aljazari wanda ya kammala nasa littafin a 1206, ya bayyana agogunan ruwa da na'urorin zuba ruwan wanke hannu masu sarrafa kansu. Duk da haka, sunan da zai nuna aiki maimakon kama zai rage rabin wannan ruɗani tun kafin a je ga malami. Samar da shi aikin manazarta Hausa ne.

6.0 Ƙorafe-Ƙorafen da Suka Cancanci Amsa

Na farko shi ne haɗari, kuma gaskiya ne. Batirin mota na ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙuna. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kan riƙe wuta a cikinta ko bayan an zare ta daga soket. Batirin waya da ya kumbura na iya kamawa da wuta idan aka huda shi. Ƙaramin batir mai kamar kwabo kuwa, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. Al'ummar wannan yanki ba ta manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, ko daga ina ta fito. Saboda haka wajibi ne babba ya zaɓi kayan da kansa, a tsaya ga batirin tocila, a nisanci wutar gida, a wanke hannu bayan an gama. Sai dai yaran na tsintar waɗannan abubuwa ko an hana ko ba a hana ba, gargaɗin da ke jikinsu kuma da Ingilishi yake ko da Sinanci. Haɗarin hujja ce ta a yi rubutu da Hausa.

Na biyu shi ne kada a yi wa talauci ado. Tarkace ba zai maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma yaron da ke yawon jari-bola don neman abin kai wa baka ba wasa yake yi ba, makaranta ce ta kuɓuce masa. Wannan ma gaskiya ne. Labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi, wanda ya haɗa injin samar da lantarki da iska daga tarkace yana ɗan shekara 14 bayan rashin kuɗi ya raba shi da makaranta, yana nuna iyakar abin. Bola ta ba shi kayan aiki, amma ilimin daga littafin ɗakin karatu ya samo shi, da yake kuma Ingilishinsa bai yi ƙarfi ba, zane-zanen littafin ya fi dogara da su. Da littafin da harshensa yake, da wahalar ta ragu.

Na uku shi ne cewa da Ingilishi ake jarrabawa, da shi kuma ake rubuta umarnin kwamfuta. Babu mai musun haka. Amma wanda ya riga ya gane yadda lantarki ke zagayawa, suna kawai zai koya idan ya shiga aji. Wanda bai gane ba kuwa, nauyi biyu ne a kansa, na baƙon harshe da na baƙon ilimi.

7.0 Shawarwari

Da farko, sassan koyar da Hausa su buɗe wannan fage ga ɗaliban digiri na ɗaya da na biyu. A je maƙera da garejin makanikai da rumfunan gyaran waya, a kuma zauna da yara masu ƙira bisa yardar iyayensu, a naɗi maganarsu suna cikin aiki, da karin harshensu na Sakkwatanci yadda yake. Motar kara na ja da baya a birane, masu iya ta kuma girma suke yi.

Na biyu, a haɗa hannu da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da malaman kimiyya da na ilimi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a fitar da ɗan ƙaramin ƙamus mai zane. A fifita kalmar da ke bakin masu sana'a, a ƙirƙiri sabuwa inda aka sami gurbi kawai, kuma kada a buga kalma sai an gwada ta a kan yara an ga sun kama ta.

Na uku, a rubuta ƙananan littattafan jagora ga iyaye, da boko da ajami, masu nuna matakan haɗi da ƙa'idojin kariya, a kuma nemi fili a gidajen rediyo irin su Rima. A tabbatar 'yan mata da almajiran tsangaya na cikin waɗanda ake nufi, domin rota ba ta san namiji ko mace ba.

Na huɗu, a tuntuɓi takwarori na Jamhuriyar Nijar, wadda ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Masu gyara a Birnin Ƙonni da Maraɗi daga Faransanci suke aro, na Sakkwato daga Ingilishi. In ba a daidaita da wuri ba, za a wayi gari da Hausar fasaha iri biyu tsakanin garuruwan da ke cin kasuwa ɗaya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa haɗa mutum-mutumi da ƙaramin yaro daga tsofaffin kayayyaki yana da tushe a wasannin ƙira na Hausawa da kuma tarbiyyar gidajen sana'a na Sakkwato, sannan yana ɗauke da darussan kimiyya na haƙiƙa waɗanda ake iya bayarwa da Hausa. Ta kuma nuna guraben da ke cikin Hausar fasaha ta yau, tun daga sunan abin har zuwa rarrabe ma'anonin wuta. Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta sauya a 2022, ta sake sauyawa a 2025, tana iya kuma sauyawa gobe. Harshen da ake magana da shi a zaure ba ya hannun minista. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ke kwance rediyo a yau kuma ba za su jira a gama muhawara ba. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su je inda yaran suke, su saurari kalmomin da ke bakinsu, su cike musu waɗanda suka rasa.